Gishiri a Komin Sadiyya

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka tarar da shanun a kwance. Wasu a bakin komin siminti da dabbobin Dutsen Gawo ke shan ruwa, wasu sun ɗan taka zuwa inuwar gawo suka zube a can, ciki a kumbure, baki na dalala. Masu sauran numfashi aka yi maza aka sa musu wuƙa, amma liman ya hana kowa taɓa naman. Kafin azahar labari ya kai Kanya Babba, kuma kamar yadda aka saba, ya isa can ya fi yadda ya tashi girma.

Ruwan komin daga rijiyar burtsatse yake zuwa, rijiyar kuwa kowa ya san ta Sadiyya ce. Ba don ita ta mallake ta ba. Ita ce dai ta yi karatun sinadarai, ta yi shekaru tana aiki da masu haƙar man fetur can gabas, aikinta gwada ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. Da ta dawo gida sai ta tara mata da matasa, ta nemo masu haƙa, ta nuna inda za a kafa injin. Tun daga lokacin aka daina kora shanu zuwa tafkin da ke ƙafewa duk bazara. Jiya-jiyan nan ana sa mata albarka. Yau kuwa ko gaisuwarta ba a amsawa.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Mamuda, makiyayin da ya fi kowa asara a ranar, don haka babu mai iya ce masa ya yi shiru.

"Irin haƙan masu neman mai ta yi mana!" in ji shi, yana nuna tankin rijiyar da sandarsa. "Ta huda ƙasa har ta taɓo ruwan guba. Yau shanu, gobe 'ya'yanmu. A toshe ta kawai!"

Dagaci Muhammadu Lawal ya sa aka kashe famfon, aka kewaye komin da ƙaya. Ya ce in ba a gano wani dalili ba zuwa gobe da la'asar, za a cika bakin rijiyar da siminti. Sannan ya aika a kira masa Sama'ilu mai bin sawu.

Sama'ilu dattijo ne siriri, mai tafiya kai a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Daga Roni har Gwiwa, in aka sace saniya shi ake nema, kuma ba a taɓa jin ya nuna ƙofar da ba ita ba. Abin da ya sa zauren Dagaci ya yi tsit da ya shigo shi ne, Sadiyya 'yarsa ce, 'yar fari. A gidajensu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya ma yarda a ga ya dube shi da kyau. Tun da aka haife ta bakinsa bai taɓa furta sunanta ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan".

"Sama'ilu, ka san wadda ake zargi," in ji Dagaci.

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To in sawu ya nufi gidanka fa?"

"Zan bi shi har ɗakin da ya shiga, in zo in faɗa maka."

*

Da ya isa bakin komin sai ransa ya ɓaci. Mutanen Dutsen Gawo ba su da na biyu wajen kallo. Duk wanda ke da ƙafa ya zo ya tattake wurin, har da masu babur. Ya tsuguna yana ta tsaki, yana zagayawa a hankali, har ya tsinci sawun takalmin taya mai faci a dunduniya, da zagayen gindin tankin feshi a gefensa. Wannan takalmin na Daudu ne, mai lambun tumatir, wanda bara aka kai ruwa rana da shi a kan shanun da suka shiga masa shuka.

Ya same shi a lambu. Daudu na ganinsa ya saki fartanya.

"Malam Sama'ilu, wallahi ruwa kawai na tara a famfo. Na iso na ga shanu na faɗuwa, na san in aka gan ni da tankin feshi na shiga uku, shi ne na gudu."

"Kawo tankin."

Ya buɗe ya shinshina, warin maganin ƙwari ya doki hancinsa har idonsa ya kawo ruwa. Irin wannan wari ba ya ɓuya, komin kuwa babu ko alamarsa. Ban da haka, ya riga ya lura sawun Daudu a kan sawun shanun da ke tangaɗi yake, ba a ƙarƙashinsa ba. Bayan ɓarna ya zo.

"Ci gaba da aikinka," ya ce masa. "Amma in ka sake ganin dabba na mutuwa, ihu ake yi, ba gudu ba."

Da ya koma, rana ta busar da inda ruwan ya fantsama, wani farin ɓawo ya fito a leɓen komin da jan layi a ƙasansa. 'Yan kallo suka ce ai kanwa ce, wani ya zabga ta da yawa. Mai sayar da kanwa kuwa ɗaya ne a garin, Maikasuwa, mutum mai tumbi da yawan ƙorafi.

"Ni? In zubar da kanwa a ruwa kyauta?" Maikasuwa ya riƙe baki. "Ka san yadda ta yi tsada bana? Buhunan nan suna nan suna kallona ina kallonsu. Makiyaya rabinsu ba su saya ba. Har Mamuda, da duk shekara shi ke buɗe mini kasuwa, bana wucewa yake yi yana ɗaga mini hannu."

Sama'ilu ya karɓi ɗan dunƙulen kanwa ya jefa a aljihu. Sawun ƙafa ya san shi, na kofato ya san shi. Wannan farin abu kuwa ba ya da yatsu balle dunduniya. Ya san mutum ɗaya ne a garin zai iya karanta shi, kuma tafiya zuwa gare ta ta fi masa hawan dutsen Kazaure wuya.

*

Sadiyya na zaune a rumfar tsakar gida, idonta ya yi ja. Ya tsaya daga nesa yana duban rumbu, kamar da rumbun zai yi magana.

"Ke. Taso ki duba wani abu."

"To, Baffa."

Ta ɗauko lemon tsami, da ƙwai, da kwalabe, da guntun tiyo. A bakin komin ta matsa lemon a kan dunƙulen Maikasuwa, nan take ya hau kumfa yana tsuwa. Ta matsa a kan farin ɓawon, ko motsi bai yi ba.

"Ba kanwa ba ce," ta ce.

Ta buɗe famfo ta tari ragowar ruwan tanki a kofin gilashi, ta saka ƙwan, ya nutse har ƙasa. Sannan ta zura tiyo can gindin komin ta jawo ruwan da ya kwanta a ƙasa. Ruwan ya fito da ɗan ja-ja, da wani siririn maiƙo a samansa, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta saka ƙwan a ciki. Ya ƙi nutsewa, ya tsaya a sama yana lilo.

Sama'ilu ya ga ta ƙura wa kofin ido.

"Mene ne?"

"Baffa, na san ruwan nan. Ruwan rijiyar mai ne."

Ya ɗago kai, karo na farko, ya dube ta. A duk faɗin garin ita kaɗai ta taɓa taka inda ake haƙar mai. Da ta ce ba ta gane shi ba, babu mahalukin da zai ƙaryata ta.

"Kin san abin da maganar nan za ta jawo miki?"

"Na sani. Amma shi ne." Ta goge hannu da gefen mayafi. "In ana haƙa, kafin a kai ga mai, da kuma tare da man, akwai ruwan da ake tararwa. Tsohon ruwan teku ne da ƙasa ta rufe tun kafin a yi mutane. Ya daɗe a cikin zafi yana narkar da duwatsu, har gishirinsa ya ninka na teku. Shi ya sa yake da nauyi, ya kwanta a ƙasan komi, ya ɗaga ƙwai. Akwai ƙarfe a cikinsa, da ya sha iska sai ya yi ja. Akwai kuma abubuwan da cikin dabba ba ya ɗauka. Saniya mai ƙishin bazara in ta cika ciki da shi, sai dai wani ikon Allah."

"Rijiyarki ba za ta iya kaiwa gare shi ba?"

"Ko kusa. Ƙarƙashinmu dutse ne zalla, ruwan sama ne da ya shige tsagoginsa muke sha. Ga ƙwan nan ya shaida. Wannan ɗauko shi aka yi daga wata duniya aka zuba."

"In na tarar da inda ya ɗiga, da me za a gane shi?"

Ta jiƙa kanwar a wani kofi, ta tace, ta ɗiga a ruwan famfo. Ya ɗan yi duhu-duhu kaɗan ya tsaya. Ta ɗiga a ruwan komin, sai ga shi ya koma fari fat kamar an zuba madara.

"Da wannan. Kuma duk ƙarfen da ya taɓa, tsatsa za ta ci shi da wuri."

Sama'ilu ya juya ya kama hanya. A ransa kuwa wani abu ne ya cika masa ƙirji. Alfahari ne, ba wani abu ba, kuma ba shi da inda zai kai shi.

*

Da gari ya waye ya fito neman abin da ya ɗauko ruwan. Ruwa mai nauyi haka ba a ka aka kawo shi ba, dole jaki ne ko amalanke. Amma hanyoyin da suka shigo wurin duk 'yan kallo sun share su tas. Ya yi zagaye, ya faɗaɗa, ya sake faɗaɗawa, babu. Rana ta soma zafi, kuma ya san simintin Dagaci ba ya jira.

Ya zauna a kan wani dutse yana duban ƙasa, abin da ya fi iyawa. A nan ne ya lura da sawun awaki. Akuya ba ta tafiya a miƙe, duk wanda ya yi kiwo ya san haka, nan ta ciji ganye, can ta haye kututture. Waɗannan kuwa layi suka ja ɗoɗar. Su yi 'yan taku, su taru su cushe wuri guda, su sake miƙewa. Ya sunkuya a inda suka taru. Ƙasar wurin ta lotsa kaɗan, ta yi sumul, an lashe ta.

Ya yi murmushi shi kaɗai. Mutane sun taka ɗigon gishirin sun wuce, awaki kuwa ba sa wuce gishiri.

Ya bi su. Sawun ya bar hanyar kiwo, ya ratsa bayan makabarta, ya zagaya gindin tsauni, ya faɗa wani shinge. A bayan shingen ga amalanke a jingine, ga awaki sun kewaye shi, wasu sun miƙe a kan ƙafafun baya suna lasar katakon kamar an shafa masa zuma. Amalanken sabo ne, fentinsa bai ko dushe ba, amma ƙusoshin bayansa sun yi jawur da tsatsa. Ya san mai shi. Ya kori awakin da jifa, ya koma gari ta wata hanyar.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Dagaci, "alfarma ɗaya nake nema. Simintin da za a toshe rijiyar, a sa Mamuda ya ɗauko shi a amalankensa. Shi ya fi kowa asara, shi ya kamata."

Dagaci ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce a yi hakan.

*

Bayan la'asar gari ya hallara a bakin rijiyar. Dagaci na kan kujera, Daudu da Maikasuwa na tsugune a gabansa kowa na zare ido, Sadiyya na tsaye a gefe ita kaɗai da kwandon kwalabenta. Sai ga Mamuda ya koro bijimi da amalanke, buhunan siminti a kai, awaki na biye da shi yana korarsu suna dawowa.

"To Sama'ilu, muna jin ka," in ji Dagaci.

"Ranka ya daɗe, Daudu ya zo wurin nan, amma bayan shanu sun sha. Laifinsa tsoro ne. Maikasuwa kuwa, abin da ke cikin komi ba kanwa ba ne, kuma duk wanda ya san shi ya san ba zai zubar da kayansa a banza ba."

Aka ɗan yi dariya, Maikasuwa ya sauke ajiyar zuciya.

"Saura rijiya. Ke, nuna musu."

Sadiyya ta maimaita abin da ta yi jiya. Ƙwai ya nutse a ruwan famfo, ya yi iyo a na komi. Ta faɗi sunan ruwan da bakinta, ba ta rage komai ba. Wurin ya kaure da hayaniya.

"Kun ji ko!" Mamuda ya daka tsalle. "Ita da kanta ta faɗa! Wa ya san rijiyar mai in ba ita ba?"

"Haka ne," in ji Sama'ilu a hankali. "Ni ma jiya sawun a ƙofar gidana ya kwana. Mamuda, me awakin nan ke nema a amalankenka?"

"Awaki ai ba su da hankali."

"A kan gishiri sun fi mu. Sun bi ɗigonsa daga nan har bayan shingenka, ni kuma na bi su. Bana ka sayi kanwa?"

Mamuda ya kau da kai, Sama'ilu ya ci gaba.

"Shanunka suka fi mutuwa don su suka fara sha. Su suka fara sha don kai ka kawo su, tun rana ba ta tayar da famfon sola ba, lokacin ruwan komi ya yi ƙasa." Ya zaro wuƙa ya kankare katakon amalanken, farin gari ya zubo a tafin hannunsa. Ya miƙa wa 'yarsa.

Ta jiƙa shi da ruwan famfo, ta tace a kofi, ta ɗaga sama yadda kowa zai gani. Ta ɗiga ruwan kanwa. Kofin ya koma fari fat.

Mamuda ya zame ya zauna a ƙasa, sandarsa ta faɗi gefe. Da ya buɗe baki muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Ranka ya daɗe, ban yi don in kashe ba. Wa zai kashe nasa? Wani direban tanka na haɗu da shi a kasuwar Babura, daga Nijar ya fito. Ya ce ruwan gishiri ne daga ƙarƙashin ƙasa, irin wanda kakanninmu ke kai shanu arewa su sha su yi ƙiba. Na ɗanɗana na ji gishiri. Na ce ga kanwa ta zo har gida. Na zuba don nawa su sha su yi sheƙi, in ba mutane mamaki. Da na ga suna faɗuwa, na wasu ma sun iso sun sha..." Ya rufe fuska. "Na ga bakin mutane zai fi saurin kama ta a kan ya kama ni."

Matasa suka yunƙuro, Dagaci ya ɗaga hannu suka tsaya. Amma wadda ta riga kowa magana Sadiyya ce, kuma ba zagi ta yi ba.

"Baba Mamuda, wa kuma ya karɓa a wurin direban? Akwai saura a gidanka?"

"Duro guda na nan. Na ga wasu mutanen Yankwashi ma sun ɗauka."

"Ranka ya daɗe, a aika musu yanzu, kafin su shayar da yamma. Duron kuma kada a zubar a ƙasa, a bar mini shi a rufe."

Nan take babura biyu suka tashi. Dagaci ya sa aka wuce da Mamuda wurin hukuma, tare da bayanin direban. Aka kwashe ruwan komin a durori, aka kankare shi, aka wanke, aka sake wankewa. Sannan aka kunna famfo, ruwa ya zubo garau a sauran hasken rana.

Sai dai babu wanda ya matsa. Tsoro ba ya fita da wanki ɗaya. Mata na riƙe da bokitai suna kallon juna, makiyaya sun tare shanunsu daga nesa.

Sama'ilu ya taka ya je bakin famfon. Ya tara hannu biyu ya sha, ya sake tarawa ya sha, ruwa na bin gemunsa. Ya miƙe, kansa a ɗage, abin da ba a saba gani ba.

"Jama'a, kun daɗe kuna cewa in na mutu bin sawu ya mutu a garin nan, don ban bar magaji ba. Ni a kan ƙasa nake bi. Akwai mai bi a ƙarƙashinta, inda idona bai taɓa kaiwa ba. Kuma jiya, da sawun ya nuna ta, ba ta share shi ba."

Ya ɗauki ƙwarya daga hannun wata mata, ya cika ta, ya juya ya dubi 'yarsa ido cikin ido a gaban duk garin.

"Sadiyya," ya ce. "Zo ki sha ruwanki."

Tsofaffin mata suka riƙe baki. Wata daga baya ta rangaɗa guɗa. Sadiyya ta tsaya kamar ba ta gane da ita ake ba, don ba ta taɓa jin yadda sunan yake a wannan muryar ba. Sannan ta ajiye kwandon, ta zo ta durƙusa ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu, hawaye na ɗiga a ciki, ta shanye.